Wa Ya Rufe Ƙofar Zanen Buvi?

Ku da kuka cika min waya da saƙon "Sarvinoz, an karya gurasar kuwa?", ku matso ku zauna. Amma don Allah kar wadda ta rangaɗa min guɗa tukuna, ku bari in kai ƙarshe.

Ranar Asabar aka sa mahaifiyar Behruz za ta zo gidanmu da ƙanwarta a karya gurasa, a tsayar da maganar aurenmu. Tun da sassafe Oyi, mahaifiyata, ta yaye min bargo. Na share ƙofar gida har bakin titi, na yayyafa ruwa, na dawo na goge gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfar inabi, duk da na san babu baƙuwar da za ta zauna a kansa. Oyi kuwa sai zarya take tsakanin kicin da ɗakin baƙi, tana yanka karas na shinkafar osh tana faɗa da wuƙar.

"Ki saka rigar atlas ɗin nan mai ja da ruwan ɗorawa," ta ce. "Kuma ki rabu da wayar nan yau ɗaya tak. Sai su zata da ita aka haife ki."

"To, Oyi."

"Ba 'to' ba. Ki zuba shayi kaɗan-kaɗan, kar ki cika musu kofi kamar mai korar baƙo. Ki sunkuyar da kai. Kar ki yi dariyar nan taki da ake jiyowa daga layi na uku."

Ada, mahaifina, tun safe ya zame ya fita. Ya ce magana ta mata ce, abin da mahaifiyarsa ta yanke shi ne nasa. Haka gidanmu yake, duk unguwarmu a tsohon garin Tashkent an sani. In Buvi ta ce e, an gama. In ta ce a'a, har katangar gidan sai ta ce a'a.

Buvi kakata ce ta wajen uba, kuma ita ce mai zana wa matan unguwa suzani, wato ƙyallen adon bango mai ɗinkin hannu, kafin su ɗinka. Nawa ta zana tun ina aji uku a firamare, ita da Oyi da 'yan uwa suka yi ta ɗinki shekara da shekaru, don in rataya a ɗakin aurena. A ranar ta sa aka ɗauko shi daga akwati aka rataya a bangon ɗakin baƙi. Manyan furanni jajaye ne zagaye kamar faranti, sai reshen ganye da ya kewaye gefe gaba ɗaya. A kusurwar hagu ta ƙasa reshen bai haɗe ba, an bar wuri kamar faɗin yatsu biyu babu zare. Buvi na kiran wurin ƙofa. Ba a rufe ta, don aure da haihuwa su ci gaba da shiga gidan.

Sababbin masu karatu, bari in ɗan koma baya, don in ban yi ba sai ku ce kuka nake yi a kan tsumma.

Bara na samu shiga shirin tallafi na wata ƙungiya da ke taimaka wa masu zane, masu rubuta manhaja da malaman makaranta. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk abin da ka yi, ka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara, kowa ya yi amfani da shi. Ni malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata, kuma na gaji da ganin ɗalibaina suna hamma. Sai na rubuta 'yar manhaja da yarinya za ta ba kwamfuta umarni, kwamfutar ta zana mata furen suzani layi bayan layi. Ina buƙatar zanen misali, na je na durƙusa gaban Buvi na roƙi nawa.

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Sannan ta ce, "Don yara su koya, na ba ki. Amma ki bar ƙofar yadda take."

Na bar ta kuwa. Wallahi na bar ta.

Ƙungiyar ta haɗa ni da wata mata 'yar Meziko mai suna Marisol, ita ke duba aikina, kuma tana da ikon karɓar gyaran da mutane suka aiko. Ana nan na tafi bikin 'yar ƙanwar Oyi a wani ƙauyen kan dutse inda waya ba ta da amfani sai haska hanya. Da na dawo na buɗe kwamfuta, sai na tarar da saƙon wani bawan Allah: "Salamu alaikum. Aikinki ya yi kyau. Na ga layin gefe bai haɗe ba a kusurwar hagu, na gyara." A ƙasa Marisol ta karɓa, har da hoton tafi.

Kun san irin mutanen nan namu masu rubuta manhaja. In suka ga layi bai haɗe ba, jikinsu har ƙaiƙayi yake yi. Ban tsaya sallama ba na rubuta masa: "Bawan Allah, wa ya aike ka? A gidanku babu tsohuwa ne?" Na sake buɗe ƙofar a take.

Ya ba da haƙuri. Ya ce a bene ya tashi, kakarsa ta rasu yana goye, bai taɓa jin zancen ba. Washegari ya sake ba da haƙuri. Jibi ma haka. Da haƙurin ya ƙare sai ya koma tambayar ko na ci abinci. Wannan bawan Allah shi ne Behruz, kuma tun daga nan na daina jin haushinsa na fara jin wani abin daban. Ina son sa, ban ga dalilin ɓoye muku ba. A gida kuwa cewa na yi a wurin aiki muka haɗu, wanda ba ƙarya ba ne.

To, mu dawo ranar Asabar.

Bayan azahar suka iso. Behruz ne ya kawo su, ya tsaya da mota can ƙarshen layi, tunda ango ba ya shiga. Mahaifiyarsa Holida mace ce mai jiki da fara'a, da haƙoran zinare biyu, irin matan da suke rungumar mutum kafin su tambayi sunansa. Ƙanwarta Zumrad kuwa siririya, ba ta magana sai kallo, tun daga ƙofa na ga tana duba ko an share bayan tukwanen fure. Holida na rungume da ƙunshin gurasa. Aka shiga ɗakin baƙi, aka zauna a kan katifun zama, aka yi addu'a aka shafa.

Na shigo da butar shayi, kai a ƙasa, hannun hagu a ƙirji. Na zuba kaɗan na miƙa.

"Tubarkalla!" in ji Holida. "Ku dubi hannu. Ashe masu danna kwamfuta ma sun iya riƙe buta."

Aka yi dariya. Buvi ma ta murmusa, ni kuwa zuciyata fes. Sai Holida ta jawo ƙunshin ta ɗora a tsakiyar shimfiɗa, ta fara kwance ƙullin.

A nan gabana ya faɗi.

Ƙyallen da aka naɗo gurasar sabo ne fil, irin na inji mai sheƙi. Jajayen furanni zagaye. Reshen ganye a gefe. Na ɗaga ido na kalli bango, na sauke na kalli ƙyallen, na sake kallon bango.

Holida ta bi idona ta ga bangon, sai ta tafa hannu. "Ikon Allah! Iri ɗaya! Ke Zumrad, kin gani? Wallahi ban sani ba, a kasuwa na gan shi ya shiga raina. An cika rumfuna da shi, har da kore da shuɗi. Wannan ai alamar alheri ce."

Buvi ta saka tabarau, ta jawo gefen ƙyallen kan cinyarta. Ta ɗora yatsa a kan reshen ganyen ta fara bi a hankali. Ta wuce kusurwa ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta dawo inda ta fara. Ta sake zagayawa. Ni na san abin da take nema, na kuma san ba za ta samu ba.

Ta cire tabarau ta ce, cikin murya mai laushi, "Baƙinmu, ku sha shayi. Ku ɗan ba mu lokaci." Ta mayar da ƙullin da kanta, ta ɗauki ƙunshin ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce wa Oyi, "Kawo musu abinci, sannan ki same ni a ɗakina." Ta dube ni. "Ke ma."

Na ruga kicin na zaro wayata daga bayan gwangwanin shinkafa inda Oyi ta ɓoye ta. Saƙon Behruz na jira: "Yaya? An karya? Na cinye farcena saura yatsun."

Ban ba shi amsa ba. Marisol na fara rubuta wa. Na ce wani ya kwashi zanen a 'yan kwanakin da yake rufe, ya buga a ƙyalle yana sayarwa, yaya za a yi a hana? A can garinsu gari bai ma waye ba, amma ta amsa nan da nan.

"Kai, Sarvinoz, barka! Aikinki ya fita daga kwamfuta ya shiga kasuwa! Irin abin da muke fata ke nan. Ki ɗauko hoto mu saka a rahotonki."

Na kalli saƙon, na rasa kuka zan yi ko dariya. Na rubuta: "Ba ki gane ba. Wanda aka rufe suka ɗauka. Aurena ne zai lalace."

Ta karanta. Sannan ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, laifinta ne da ta karɓi gyaran ba ta jira ni ba. Amma izinin da muka bayar ba a janye shi daga hannun wanda ya riga ya ɗauka. Iyakar abin da za mu iya, in mun gano mai bugawar, mu roƙe shi ya rubuta sunan mai zanen.

Sunan mai zanen! Wato a buga sunan Buvi a jikin abin da ta ce kar a yi.

Sai na tura wa Behruz magana ɗaya: "Ƙyallen da mamarka ta naɗo gurasa zanen Buvi ne. Rufaffe."

Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Gyarana?"

"E."

"Innalillahi. Zan shigo in faɗa mata da bakina."

"Behruz, kar ka kuskura. Ka zauna a motar nan. Na roƙe ka."

Oyi ta leƙo, fuskarta duk gumi. "Ke! Waya kike dannawa? Wuce mu je."

Ɗakin Buvi ƙarami ne, yana ƙamshin busasshen ganyen rihan, wato ɗoɗɗoya, da tsohon zare. Tana zaune a kan katifarta, ƙunshin gurasar a gabanta. Muka durƙusa.

"Sarvinoz, me na ce miki ranar da kika roƙe ni?"

"Kin ce in bar ƙofar, Buvijon. Na bar ta. Ko yanzu aka duba a buɗe take."

"To wannan fa?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce wani ne ya rufe ina wajen biki, na dawo na buɗe, amma kafin nan wasu sun kwafa.

"To ki je ki karɓo."

"Ba ya karɓuwa, Buvijon."

"Abin nawa?"

"Na bayar ga kowa. Haka sharaɗin yake."

"Kowa," ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Yanzu a gidaje nawa ake cin abinci a kan zanen aurenki a rufe?"

Ban sani ba. Babu wanda ya sani. Abin da ya fi ci min rai ke nan, ni da nake koya wa yara cewa kwamfuta na yin abin da aka umarce ta, ga shi na durƙusa ba ni da umarnin da zan bayar.

Oyi ta yi ƙarfin hali, ta kira Buvi yadda take kiranta a matsayin uwar miji, ta ce, "Oyijon, baƙi na jira. Ƙyalle ne kawai na kasuwa. A sauya wani a karya gurasar, nata na bango ai ƙofarsa na nan."

Buvi ta gyaɗa kai. "Gaskiyarki. Za a sauya, za a karya. Yarinyar ba ta saɓa min ba." Na ji numfashina ya dawo. Sai ta ƙara da cewa, "Amma kafin nan ina son sunan wanda ya rufe. Ba ke kika ce min a aikin naku duk wanda ya sa hannu sunansa na nan ba? Kika ce ya fi ɗinki gaskiya, don ba a ɓoye ɗinkin kowa?"

Ni na faɗa. Da bakina na faɗa, ina ta alfahari, ranar da nake nuna mata kwamfutar.

"Buvijon, me za ki yi da sunan? Wani ne can..."

"Zan sa shi a addu'a, Allah ya nesanta shi da zuri'ata. Buɗe."

Na so in ce wayar ta mutu. Na so in ce babu intanet. Amma wayar na hannuna da haskenta, kuma ban taɓa iya yi wa tsohuwar nan ƙarya ba, tun ina sace mata alewa take kama ni da ido. Na buɗe shafin na miƙa mata, ina roƙon Allah a zuci. Ta kai shi nesa da fuska, ta kawo kusa, ta tsuke baki. Buvi haruffan da aka koya musu a zamanin Rasha ta iya, waɗannan na Latin ba ta saba da su ba.

Ta miƙa wa Oyi. "Karanta min."

Oyi ta karɓa. Na ga idonta ya sauka a kan layin, ya tsaya. Cikakken sunansa ne a wurin, har da na mahaifinsa, da ɗan hotonsa yana murmushi, don Behruz ba ya cikin masu ɓuya a bayan sunan ƙarya. Oyi ta ɗago ta kalle ni. Ban taɓa ganin tausayi irin wannan a fuskarta ba. Na girgiza mata kai a hankali, hawaye na zuba a kan rigar atlas.

"Rubutun ƙanana ne," in ji Oyi.

"Kelin," Buvi ta kira ta da sunan da take kiran ta tun tana amaryar gidan. "Tun da kika shigo gidan nan ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Yau za ki fara?"

Oyi ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ji muryarta.

"Behruz ne."

Daga ɗakin baƙi muna jiyo Holida tana yaba shinkafar, tana cewa rabon da ta ci mai daɗin wannan tun bikin ƙanenta.

Na rarrafa na kama gwiwar Buvi. "Bai sani ba! Wallahi bai sani ba. Ya ba ni haƙuri har na gaji. Taimako ya zo yi, Buvijon. Da ba don gyaran nan ba ma da ban san shi ba."

"Na yarda bai sani ba."

"To ki yafe masa."

"Na yafe masa." Ta ɗora hannu a kaina tana shafa gashina, kuma wannan ya fi duka ciwo. "Ban ce mugu ne ba, 'yar nan. Amma mutum ya shiga aikin da ba nasa ba, ya ga an bar wuri a buɗe, bai ce 'me ya sa' ba, ya ɗauka mai aikin ce ba ta iya ba, ya rufe. Bai sani ba, kuma bai tambaya ba. Haka zai shigo rayuwarki ya yi ta gyara miki abin da kika bari da gangan, yana murmushi, yana ganin taimakonki yake yi."

Na buɗe baki in ce ba haka yake ba. In ce yanzu ko gishiri zai ƙara a miya sai ya tambaya. Sai kuka ya ci ƙarfina. Ku gaya min, masu karatu, da wane baki ake gardama da tsohuwar da take shafa kanka?

"Oyijon," in ji Oyi, "ko a jira mahaifinta ya dawo?"

"Ya dawo ya ce me?"

Duk mun san amsar.

Buvi ta jawo ƙunshin ta ƙara ɗaure ƙullin tamau. Na zata za ta miƙe ta kai da kanta. Sai ta ɗora min shi a hannu.

"Ke za ki mayar. Ki ba uwarsa a hannu, ki yi mata godiya, ki ce a gidan nan ba a karya ba. Ki goge fuskarki tukuna."

Ban san yadda na miƙe ba. Na fito tsakar gida da ƙunshin a ƙirjina, gurasar da sauran ɗuminta, ƙamshin riɗinta na shiga hancina. Ƙofar ɗakin baƙi a buɗe take. Holida ta hango ni ta washe haƙoran zinarenta, ta gyara zama ta share wuri a kan shimfiɗa.

"Yauwa, ga amaryarmu ta kawo! Zumrad, matsar da farantin nan."

Ina tsaye a ƙarƙashin rumfar inabi sai aka buga ƙofar gida, bugu mai ladabi, aka yi sallama. Na san muryar. Na roƙe shi ya zauna a mota, bai zauna ba.

A bayana na ji sandar Buvi ta taɓa dakalin ɗakinta.

"Kelin," ta ce, "je ki buɗe. Wanda ya iya rufewa ne ya zo."